Allurar da Ke Yi wa Jiki Tambaya: Abin da Na Gani a Jinyar Goggona

Shekara uku da wani abu Goggona, ƙanwar mahaifinmu da ke zaune a cikin birnin Zariya, ta yi tana shan wani haɗin ƙwayoyi saboda ciwon gwiwa. Wani mai kemis ne a unguwarsu yake ƙulla mata su a 'yar farar leda, ƙwaya huɗu ko biyar masu launi daban-daban, babu suna babu kwali, ta sha da safe bayan ta karya kumallo. Haɗin kuwa ya yi aiki, domin matar da a da sai a zaune take salla ta koma tana ruku'u da sujada ba tare da ta dafa bango ba. Fuskarta ta ciko, kumatu suka fito, duk wanda ya je gaishe ta sai ya dawo yana cewa Goggo ta murmure, hankalinta ya kwanta. Ni kaina, da nake koyar da ilimin halittu a makarantar sakandare, na faɗi haka ba sau ɗaya ba, kuma har yau idan na tuna sai kunya ta kama ni.

Bara, bayan babbar salla da 'yan kwanaki, 'yarta da ke aure a Giwa ta haihu, Goggo ta tafi zaman jego. A can ƙwayoyin suka ƙare, kuma da yake gwiwar ba ta matsa mata ba a lokacin, sai ta ce a bar su har ta dawo gida. Ba a yi mako guda ba kasala ta rufe ta, abinci ya fita daga ranta, zuciyarta na yawan tashi, idan ta miƙe tsaye kuma sai jiri ya ɗebe ta har sai ta nemi wurin zama. Aka yi abin da muka saba yi, wato aka ba ta maganin zazzaɓin cizon sauro, da bai yi ba aka ce taifod ne, aka ƙaro wasu ƙwayoyin. Daga baya gudawa ta kama ta, a dare na biyu ta faɗi a bakin banɗaki ba ta san inda kanta yake ba.

A asibitin da muka kawo ta a nan Zariya an tarar jininta ya sauka ƙwarai, an ɗaura mata ruwa har leda biyu amma awon ya ƙi ɗagowa yadda ake so. Wata likita, wadda a shekaru ba za ta wuce sa'ar ƙanwata ba, ta tsaya a bakin gadon tana duban abin da mu muka yi shekaru muna kallo ba mu gani ba: cikakkiyar fuska a kan siraran hannuwa da ƙafafu, da fatar damtse da ta yi laushi kamar takarda, ga tabon kwanciyar jini nan da can. Da Goggo ta ɗan farfaɗo sai likitar ta sunkuya ta ce, "Mama, wane magani kike sha kullum a gida?" Goggo ta ce, "'Yar nan, ni ba na shan komai, sai ɗan na gwiwa, shi ma ya ƙare tun ina Giwa." Likitar ba ta jira wani sakamako ba. Ta sa aka ɗebi jini aka ajiye, nan take kuma aka yi wa Goggo allurar haidirokotison miligiram 100 ta jijiya, maganin da ke maye gurbin wani sinadari da take zargin jikin Goggo ya rasa. Kafin a kira sallar asuba jinin ya ɗago, da gari ya waye ta ce a nemo mata koko. A ranar ƙanena ya je wurin mai kemis ɗin, wanda ya tabbatar cewa akwai deksametason a cikin haɗin, wato ƙwayar da aka fi sani da deksa.

Da likitar ta ce tana zargin wasu 'yan halittu da ke kan ƙodar Goggo sun daina aiki, kalmar ƙoda kawai dangi suka ji, kafin azahar har an fara waya ana maganar kuɗin wankin ƙoda. Ƙodar Goggo lafiyarta ƙalau. Abin da ake magana a kai shi ne adirinal, wasu 'yan tsoka guda biyu da kowace ke zaune a saman ƙoda ɗaya kamar hula, nauyin kowace bai wuce giram 4 zuwa 5 ba. Maƙwabtaka ce kawai ta haɗa su da ƙoda, aikinsu daban. Cikinsu ne yake fitar da adiranalin, sinadarin da ke sa zuciya ta buga da sauri idan mutum ya firgita, bayansu kuma yana fitar da aldosteron mai tsare gishiri da ruwa a jiki, da kotisol wanda shi ne abin da ya shafi Goggo. Kotisol shi ke riƙe ƙarfin jini kada ya faɗi, shi ke hana sukarin jini ya ƙare idan an daɗe ba a ci abinci ba, kuma idan zazzaɓi ko rauni ko tiyata suka zo, jiki yana ninka yawansa domin ya iya ɗaukar nauyin. Wanda ba shi da shi yana iya lallaɓawa a ranakun da babu komai, amma gudawar kwana biyu tana iya kai shi kushewa.

Adirinal ba ta aiki da ra'ayin kanta, sai an aiko mata da umarni, kuma ga mutumin Zazzau tsarin ba baƙo ba ne, domin kamar saƙo ne da ke fitowa daga fada zuwa ga hakimi, daga hakimi zuwa ga dagaci. Wani sashe na ƙwaƙwalwa da ake kira haifotalamus shi ke fara aikawa ga fituwitari, wata 'yar halitta mai girman ƙwayar wake da ke rataye a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, ita kuma ta saki sinadarin ACTH cikin jini, shi ne manzon da ke zuwa ya ce wa adirinal ta fitar da kotisol. Idan kotisol ya wadata a jini, labari yana komawa sama, sai a rage aiken. A nan ne deksa ta yi ɓarnarta. Ita da 'yan uwanta irin su firedinisolon kwaikwayon kotisol ne, kuma deksa ta fi kotisol na jiki ƙarfi kusan sau 25. Ƙwaƙwalwar Goggo ta ga kamar kotisol ya cika jini maƙil, sai ta daina aika manzo, adirinal kuma da ta yi shekara uku ba wanda ya ƙwanƙwasa mata ƙofa sai ta motse ta ƙanƙance. Ba sai an kai shekaru ba ma, makonni uku zuwa huɗu na shan irin waɗannan ƙwayoyi kullum sun isa su fara jawo wannan. Ranar da ledar ta ƙare a Giwa, babu na waje, na cikin kuma ya yi barci. Ba ina cewa deksa guba ba ce, domin a 2020 wani babban bincike da aka yi a Ingila ya nuna tana rage mace-mace a cikin masu cutar korona da numfashinsu ya tsananta. Matsalar ita ce a ƙulla ta a leda babu suna, a ba tsohuwa ta sha shekara da shekaru.

Da likitar ta ce sai an yi wa Goggo wani gwaji na allura da ɗibar jini sau uku domin a tabbatar da zarginta, tambayar da na yi mata ita ce wadda nake jin kowa zai yi: tun da kotisol a jini yake, me zai hana a ɗebi jinin sau ɗaya a auna a huta? Amsar ita ce kotisol ba ya zama wuri ɗaya. Yana kaiwa ƙololuwa da sassafe wajen lokacin tashi daga barci, ya riƙa sauka a hankali har ya kai ƙasa wajen tsakar dare, a tsakani kuma yana fita ne a guntu-guntu. Awon da aka yi tsakanin ƙarfe 8 da 9 na safe yana da amfani idan ya fito ƙasa ƙwarai ko sama ƙwarai, amma mutane da yawa a tsakiya nasu yake faɗawa, inda ba a iya yanke hukunci. Bayan haka, abin da likita yake son sani ba yawan abin da ke yawo a jini a lokacin da mutum yake zaune lafiya ba ne, yana son ya san ko adirinal za ta iya tashi idan an bukace ta. Duk wanda ya taɓa zagayawa bargar masu hawan salla ya san ba a gane gudun doki yana ɗaure a turke, sai an hau an sa masa ƙaimi. Gwajin nan ƙaimin ne.

Ana yin sa da wata allura da a nan da Ingila aka fi sani da sunan Synacthen, a Amurka kuma ana kiran sinadarin kosintirofin. Kwaikwayon ACTH ne da aka haɗa a masana'anta: ACTH na jiki sarƙa ce mai ƙulli 39, allurar kuma ta ɗauki ƙulli 24 na farko, waɗanda su ne masu isar da saƙon. Adadin da ake yi wa babba shi ne maikirogiram 250, wato rubu'in miligiram ɗaya, wanda duk da ƙanƙantarsa ya ninka abin da jiki yake aikawa da kansa sau da yawa. Akwai likitocin da ke amfani da maikirogiram 1 kacal, suna ganin kira a hankali ya fi tona asirin adirinal mai ɗan rauni fiye da tsawa, amma na 250 shi ne aka fi yi. Samun allurar ya fi gwajin kansa wahala. Na zagaya shagunan magani na Sabon Gari da Tudun Wada da Samaru, a mafi yawansu ma sai da na rubuta sunan a takarda, a ƙarshe dai sai da aka yi mana odarta daga wani gari, ta iso cikin kula da ƙanƙara. Dole ta zauna a sanyin firji, tsakanin digiri 2 da 8, kuma da yake wutarmu ba abin dogaro ba ce, a firjin wani maƙwabcina mai sola ta kwana biyu, a gefen robobin zoɓon matarsa.

An sa mana rana bayan Goggo ta warware ta koma gida. An ce kada ta sha haidirokotison ɗinta na yammacin jajibirin gwajin da na safiyar ranar, domin a idon na'ura shi da kotisol abu ɗaya ne, idan yana cikin jini sakamakon zai fito da kyau na ƙarya. Ba a hana ta cin abinci ba. Mun isa kafin ƙarfe 8, ni ina riƙe da fulas ɗin allurar, ita kuma da carbinta da ledar ƙwayoyinta da aka ce mu zo da su. Malamar asibitin ta tambaye ta ko tana da asma ko wani magani ya taɓa tayar mata da borin jini, domin ko da yake ba kasafai ba, allurar tana iya yin haka. Sannan ta ce, "Mama, kawo hannunki, sau ɗaya zan soke ki, sauran duk ta wannan 'yar robar za mu ɗiba." Ta sa kanula a bayan hannun, ta ɗebi jini kwalba biyu, ɗaya ta kotisol, ɗaya mai murfi ruwan hoda mai duhu ta ACTH, wadda aka tsoma cikin ƙanƙara aka ruga da ita ɗakin gwaji domin sinadarin yana saurin lalacewa. Ta tura allurar, ta dubi agogon bango, ta rubuta 8:20 a jikin filastar da ke hannun Goggo.

Abin da ya rage zama ne. Goggo ta ce ta ji ɗumi ya taso mata a fuska da ɗan tashin zuciya, kafin ta gama jan carbi zagaye biyu ya wuce. Ƙarfe 8:50 daidai malamar ta dawo ta ɗebi na biyu, 9:20 ta ɗebi na uku, a kowace kwalba tana rubuta mintin da aka ɗebe ta. Na lura ba ta yarda ta yi latti ko na minti biyar ba, kuma daga baya na gane dalili: lambobin ba su da ma'ana sai an san wanne ne na kafin allura, wanne ne na minti 30, wanne ne na minti 60, kwalba ɗaya da aka sauya wa lamba ta isa ta rushe aikin duka. Da aka zare kanular aka ce Goggo ta sha ƙwayarta ta safe nan take kafin mu fita. Ta tambaye ni, "To yanzu me allurar ta warkar?" Na ce, "Goggo, ba ta magani ba ce, tambaya aka yi wa jikinki." Tun daga ranar take kiranta allurar tambaya.

Karanta sakamakon ba shi da wuya idan an san abin da ake nema. Adirinal mai lafiya idan ta ji wannan kira tana zubo kotisol, ma'aunin da aka daɗe ana amfani da shi kuma shi ne ya kai nanomol 500 a kowace lita, wato kimanin maikirogiram 18 a kowace desilita, a minti 30 ko 60. Sai dai sababbin na'urori sun fi tsofaffin tantancewa, ba sa haɗa kotisol da sauran sinadarai masu kama da shi, don haka lambobinsu suna fitowa ƙasa, kuma ɗakunan gwaji da yawa sun sauko da iyakar zuwa ɗari huɗu da wani abu. Shi ya sa kuskure ne mutum ya ɗauki takardarsa ya gwada ta da lambar da ya gani a intanet, dole a san na'urar da aka yi amfani da ita da ma'aunin da aka rubuta. Na Goggo dai bai bar wurin gardama ba, ya fara daga ƙasa ƙwarai, bayan awa guda kuma ko rabin iyakar bai kai ba.

Gwajin yana nuna cewa adirinal ba ta amsa ba, amma shi kaɗai ba ya faɗin inda laifin yake, a nan ne kwalbar da aka sa a ƙanƙara take da amfani. Idan adirinal ce da kanta ta lalace, fituwitari tana ta aika manzo babu amsa, sai a tarar ACTH ya yi sama sosai. Wannan ita ce cutar Addison, wadda ta samo sunanta daga Thomas Addison, likitan asibitin Guy's da ke Landan da ya bayyana ta a 1855. A zamaninsa tarin fuka ne babban mai cinye adirinal, a Turai ta yau kuma galibi garkuwar jiki ce take juyowa ta yaƙi adirinal ɗin mai ita. A ƙasashe irin namu tarin fuka bai sauka daga cikin manyan dalilai ba, kuma mu da muke da cibiyar horaswa kan tarin fuka da kuturta ta ƙasa a Saye ba ma bukatar a gaya mana cutar tana nan. Ƙari a kan haka, rifamfisin, ɗaya daga cikin manyan magungunan tarin, yana sa hanta ta riƙa narkar da kotisol da sauri, don haka mai raunin adirinal yana iya rikicewa bayan ya fara shan magani. Masu cutar Addison suna rasa aldosteron ma, shi ya sa suke kwaɗayin gishiri, kuma yawan ACTH yana sa fata ta yi duhu. Littattafan da muka karanta sun fi kwatanta wannan duhu a jikin Bature, a jikinmu kuwa sai an duba zanen tafin hannu da dasashi da cikin kumatu da tsofaffin tabo. Goggo ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan, ACTH ɗinta kuma ƙasa yake, wanda ya dace da labarin ledar: ba adirinal ce ta mutu ba, aiken ne aka daina.

Akwai kuma hanyoyin da gwajin yake ruɗuwa, kuma kusan dukansu suna komawa ga abin da aka gaya wa likita ko aka ɓoye masa. Ƙwayoyin tazarar haihuwa masu sinadarin istirojin, haka ma juna biyu, suna ƙara yawan furotin ɗin da ke ɗaukar kotisol a jini, sai lambar ta kumbura ta nuna lafiya alhali babu, shi ya sa akan ce mace ta dakatar da irin waɗannan ƙwayoyi kimanin mako 6 kafin gwajin, bisa shawarar likita. Firedinisolon yana shiga cikin awon a ɗauke shi a matsayin kotisol. Idan kuma fituwitari ce ta samu matsala kwanan nan, adirinal ba ta riga ta motse ba, za ta amsa allurar sarai har tsawon makonni, a ce mutum lafiya lau. Wannan ya shafi matanmu kai tsaye, domin zubar jini mai yawa wajen haihuwa yana iya kashe fituwitari, abin da likita Harold Sheehan ya bayyana a 1937, alamarsa ta farko kuma sau da yawa ita ce rashin zuwan ruwan nono da ɗaukewar al'ada. A irin wannan hali wani lokaci akan koma ga wani gwaji da ake saukar da sukarin jini da insulin da gangan domin a gwada sarƙar tun daga ƙwaƙwalwa, gwaji ne mai haɗari da ba a yi wa mai farfaɗiya ko ciwon zuciya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Goggo ba ƙarya ta yi ba da ta ce ba ta shan komai, domin a wurinta haɗin gwiwa ba ya cikin lissafin magani. Haka yarinyar da ke shan sha-ka-fashe don ta yi ƙiba kafin biki ba za ta lissafa shi ba, alhali sau da yawa deksa ce a ciki, haka mai shafa man bilicin da ke ɗauke da kulobetasol ko betametason a duk jikinta shekara da shekaru, wanda fata take tsotsewa ya shiga jini ya yi irin aikin da ƙwaya take yi. Kunya tana hana wasu faɗa, wasu kuma ba su san akwai abin faɗa ba. A ganina likitan da ya tambayi "wane magani kike sha" ya tsaya nan bai gama tambaya ba, sai ya ambaci haɗin kemis da na ƙiba da man shafawa da allurar gwiwa ɗaya bayan ɗaya. Wanda kuma ya gane kansa a cikin wannan bayani, mafi munin abin da zai yi shi ne ya watsar da ƙwayar yau saboda tsoro, domin abin da ya kai Goggo ƙasa ke nan. Janyewa ake yi a hankali a hannun likita.

Yanzu Goggo tana shan haidirokotison, kaso mafi girma da zarar ta tashi da safe, ƙaramin kuma da rana, domin a kwaikwayi yadda jiki yake yi. An koya mana cewa idan zazzaɓi ya kama ta za a ninka adadin, idan kuma amai ya hana ƙwayar zama a cikinta, ba zancen jiran safiya ba ne, asibiti za a nufa a yi mata allura. Na rubuta wannan a kati da Hausa da Turanci, yana cikin 'yar jakar da take sa kuɗin cefane. Irin nata raunin yana iya warkewa, sai dai adirinal da ta daɗe tana barci takan ɗauki watanni, wani lokaci fiye da shekara, kafin ta farka. An maimaita gwajin bayan wata shida, lambar minti 60 ta ɗago sosai amma ba ta haye iyakar ba, saboda haka likitar ta ce ta ajiye azumin bana, abin da ya fi ciwon kansa ɓata wa Goggo rai, sai da limamin unguwarsu ya tabbatar mata cewa ramuwa tana jiranta idan ta samu lafiya.

An sa mana gwaji na uku a wata mai kamawa. Shekaranjiya da na je gaishe ta na tarar kumatun nan sun sauka, gwiwar kuma ta dawo da ƙorafinta, tana salla a kan kujera. Da zan tafi ta ce, "Ka fara neman allurar tambayar nan tun yanzu, kada ka sake yawon Sabon Gari a ƙurarren lokaci, kuma ka gaya wa maƙwabcin naka ya rage mana wuri a firji."